Gorin Hajiya a cikin littafi ya hana ni ƙarasa karatu

Anti, assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Gusau, shekaruna 31, kuma ba ni da abin ɗebe kewa da ya wuce karatun littattafan Hausa bayan na kwantar da yara. Wata biyu ke nan ina bin wani dogon labari a wayata, har nakan kai ƙarfe ɗayan dare ban runtsa ba saboda daɗinsa. Sai aka zo wurin da mahaifiyar saurayin, wata Hajiya, ta ji cewa yarinyar da ɗanta yake so 'yar mahauci ce, ta buɗe baki ta ce ba za a haɗa mata jini da rundawa ba, wai ƙarni ba ya barin jikinsu ko da turare suka yi wanka. Anti, ni 'yar mahauci ce, jikar mahauci, da kuɗin fawa aka yi mini makaranta. Tun daga wannan shafi na kasa ci gaba. Ƙawayena da muke karatun tare dariya kawai suka yi, ɗaya ma ta mayar da maganar turaren abin zolaya, alhali ta san gidanmu. Maigidana ya ce labari ne kawai, na cika ɗaukar abu da zafi. Shin ni ce mai saurin fushi, ko marubuciyar ce ta yi laifi? In ƙarasa littafin ko in bar shi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Ba saurin fushi ne ya kama ki ba, kuma maigidanki, ko da yake na tabbata lallashi ya nufa, bai auna maganarsa da kyau ba. Da a ce labari ne kawai, da bai riƙe ki har ƙarfe ɗayan dare ba alhali kina da aji da safe, da kuma ba ki damu da ko yarinyar nan za ta auri saurayinta ba. Mai karatu sai ya miƙa wa marubuci amanar zuciyarsa kafin ya ji daɗin abin da yake karantawa, kuma ta ƙofar da daɗin ya shigo, ta nan zafin yake biyowa. Idan wata mata ta gaya miki baƙar magana a kasuwa ko a gidan biki, a tsaye ta same ki, mayafinki a kafaɗa, amsarki a baki. Wannan Hajiya kuwa a kwance ta same ki cikin gidan sauro, yara sun yi barci, kin kwance ɗamara, babu komai tsakaninki da ita sai hasken waya, kuma ba ki da halin ramawa domin ba jin ki take yi ba. Marin da ya samu mutum a irin wannan hali dole ya fi shigarsa.

Sannan maganar da Hajiya ta faɗa ba marubuciyar ce ta ƙage ta ba, a bakin mutane ta tsince ta, kuma ina zaton ke ma ba ranar kika fara jin irinta ba. Gorin sana'a tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Masanin zamantakewa M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau daga 1949 zuwa 1950, ya wallafa wata maƙala a 1959 a kan yadda Hausawa suke jera mutane daraja-daraja, inda ya nuna masu sarauta a sama, malamai da attajirai na biye da su, mahauta da makaɗa kuwa an tura su can ƙasa. Ya kuma bambanta karda, wato sana'ar da mutum ya gada, da shigege, wadda ya shiga da rana tsaka. Da yake fawa galibi gado ce, sai gorin ya tsallake aikin ya kama jini, har ya bi yarinyar da ba ta taɓa riƙe wuƙar fiɗa ba. Abin dariyar shi ne, ranar Babbar Sallah, da zarar liman ya yanka ragonsa, masu wannan gorin ne za ki ga sun aika yaro gidan mahauci har sau uku ana roƙon ya zo ya yi musu fiɗa kafin rana ta take, kuma ban taɓa jin wanda ya ce kilishi ko balangu na ƙarni a lokacin da yake kaiwa baki ba. Ƙawayenki da ba a taɓa jifan gidansu da wannan kalma ba, gishirin labari suka ɗauke ta. Ke kuwa mai ɗaki ce, kin san inda yake miki yoyo.

Tambayarki a kan laifin marubuciyar ta fi wuya, domin ba zan iya yanke mata hukunci daga shafi ɗaya ba, ke ma bai kamata ki yanke ba tukuna. Malamai suna da ƙa'idar da suke cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne. Alƙur'ani mai girma da kansa ya hakaito mana gori iri-iri daga bakin masu yinsa. A Suratul A'araf, aya ta 12, Iblis ya ce shi ya fi Annabi Adamu domin shi daga wuta aka halicce shi, Adamu kuwa daga laka. A Suratush Shu'ara'i, aya ta 111, mutanen Annabi Nuhu suka ce yaya za su yi imani da shi alhali ƙasƙantattu ne suka bi shi, kuma wasu malaman tafsiri sun ce masu ƙananan sana'o'i suke nufi, irin su masaƙa da dukawa. Fir'auna ma a Suratuz Zukhruf ya yi wa Annabi Musa gorin rashin bayyana magana sosai. Ba kwatanta littafin soyayya nake yi da littafin Allah ba, Allah Ya tsare ni. Abin da nake so ki lura da shi kawai shi ne, babu mai karanta waɗannan ayoyi ya zaci an yarda da masu maganar, saboda abin da ya gabaci maganar da abin da ya biyo bayanta sun tona asirinsu.

Haka nan marubuciyar da take son ta nuna munin gorin asali, tilas ne ta kawo mai gori, kuma tilas ya yi magana yadda masu gori na gaskiya suke yi. Da Hajiyar nan ta ce, cikin ladabi, tana ganin gidajen biyu ba su dace ba, da kin wuce shafin lafiya, amma da an yi miki ƙarya a kan yadda irin waɗannan mata suke magana idan an rufe ƙofar falo. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da littattafan soyayya na Kano suka cika kasuwa, uwar miji ko uba mai gorin asali na cikin manyan duwatsun da marubuta suke ɗorawa a hanyar masoya, kuma da yawansu don su kunyata wannan hali suka yi. Ba abin mamaki ba ne ma a ce wadda ta rubuta labarinki 'yar wanzami ce ko 'yar marina, da kunnenta ta ji makamanciyar wannan magana a ranar da aka fasa aurenta ko na yayarta.

To amma ba kowane marubuci ne yake da wannan niyya ba, kuma akwai wuraren da ake gane bambancin. Ki koma baya ki saurari muryar mai ba da labarin, wato wuraren da babu wanda yake magana sai ita marubuciyar. Idan aka rubuta cewa Hajiya ta toshe hanci ta ce ƙarni ya dame ta, wannan Hajiya ce. Idan kuwa aka rubuta cewa saurayin ya shiga zauren sai ƙazanta irin ta gidan mahauta ta yi masa sallama, to wannan “irin ta” ba daga bakin Hajiya ta fito ba, daga alƙalamin marubuciyar ta fito, ta kuma miƙa miki ita a matsayin abin da kowa ya sani. Wannan ya fi zagin Hajiya muni nesa ba kusa ba, ko da kalmominsa sun fi laushi.

Akwai wani littafin Turanci mai suna Mister Johnson da ya fito a 1939, wanda Joyce Cary ya rubuta bayan ya yi aikin mulkin mallaka a Arewacin Nijeriya, har ya zauna a Borgu a matsayin jami'in mulki. Labarin wani akawu ne ɗan kudu da yake aiki a wani gari na Arewa, kuma a ciki akwai wani tsohon saje Bature mai kanti wanda bakinsa ba ya rabuwa da zagin baƙar fata. A 1952 mujallar Time ta Amurka ta ce ba a taɓa rubuta ƙagaggen labari a kan Afirka da ya kai shi ba. Amma da aka koyar da shi a Kwalejin Jami'a ta Ibadan a zamanin da Chinua Achebe yake ɗalibi, ɗaliban suka ƙi shi, har Achebe ya ba da labarin wani ɗan ajinsu da ya miƙe ya gaya wa malaminsu cewa wuri ɗaya tak ya yi masa daɗi a littafin, wato inda aka harbe akawun. Abin lura a nan shi ne, da Achebe ya zo kawo misalin ƙyamar da ke cikin littafin, bai ɗauko shi daga bakin sajen ba, daga bayanin shi marubucin ya ɗauko, inda yake siffanta masu rawa a wani taro da fuskoki marasa kama da na 'yan Adam. Saje mai zagi kowa ya san matsayinsa a labari, amma idan mai ba da labarin ne yake kallonki da idon sajen, babu inda za ki fake.

Bayan murya, ki duba ko an ba mahaifin yarinyar fuska da suna da hali, ko kuwa inuwa ce kawai riƙe da wuƙa. An nuna shi yana sammako zuwa mayanka tun kafin a kira assalatu? An nuna yadda yake kasa nama, yake ƙara wa tsohuwa gyara, yake ƙirga canji yana ware kuɗin makarantar 'yarsa? An bar shi ya yi magana mai hankali ko sau ɗaya? Littafin da ya ba mai gori shafi goma yana zuba, ya hana wanda ake gorantawa ko layi biyu, ya riga ya zaɓi ɓangare ko da marubucinsa ya rantse bai zaɓa ba.

Inda na fi son ki sa ido shi ne ƙarshen labarin, domin a nan ne marubutanmu da yawa, da masu shirya finafinanmu, suke faɗawa wani rami ba tare da sun lura ba. Kin san salon: bayan an sha kuka da ciwon zuciya da kwanciya asibiti, sai wata tsohuwa ta bayyana da zobe ko wani tabo a bayan kunne, a gano cewa ashe yarinyar ba 'yar mahaucin ba ce, tsintar ta ya yi a tasha tana jaririya, ubanta na gaskiya wani basarake ne ko hamshaƙin attajiri. Sai Hajiya ta durƙusa tana neman gafara, a ɗaura aure, mai karatu ya share hawaye yana ganin gaskiya ta yi halinta. Alhali kuwa idan kika natsu, irin wannan ƙarshe Hajiya ya ba gaskiya. Cewa ya yi kuskurenta ɗaya ne, wato ba ta gane jinin yarinyar ba; da a ce yarinyar 'yar mahauci ce ta haƙiƙa, da gorin ya zauna daram. Har kyawun yarinyar da kunyarta da hankalinta an ƙwace su daga gidan da ya rene ta an mayar wa gidan sarauta, an ce ai dama biri ya yi kama da mutum. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Ni a wurina littafin da babu zagi ko ɗaya a cikinsa amma ya ƙare haka, ya fi cutar da 'ya'yan mahauta a kan wanda Hajiyarsa ta yi ta zuba ashar amma yarinyar ta tare a ɗakinta tana nan a 'yar ubanta.

Kada kuma wa'azin shafin ƙarshe ya ruɗe ki. Marubuciya tana iya kawo malami ya zaunar da Hajiya ya gaya mata cewa a mazhabar Malikiyya da muke bi, dacewar ma'aurata a addini take da kuɓuta daga aibobin da ke hana zaman aure, kamar yadda ya zo a littafin fiƙihu na Muhtasar, ba a sana'a ba; yana iya karanto mata hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci Banu Bayada su aurar wa Abu Hind su kuma nemi aure a wurinsa, alhali Abu Hind ɗin mai yin ƙaho ne. Duk wannan gaskiya ne, kuma yana da kyau a faɗa. Sai dai idan an kwashe shafi ɗari uku ana sa mai karatu dariya da habaicin Hajiya, an ba ta duk maganganu masu gishiri, shafi ɗaya na nasiha ba zai wanke su ba, domin habaicin ne mutane za su haddace, kamar yadda ƙawarki ta haddace. Mu Hausawa mun san wasan barkwanci, na Kanawa da Zagezagi, na Fulani da Barebari, na maƙera da Buzaye, kuma abin da ya sa ba ya zama faɗa shi ne kowane ɓangare yana da bakin ramawa. Zolayar da ɓangare ɗaya ne kawai yake yi, ɗayan yana sunkuyar da kai, sunanta gori ko da ana dariya.

Yanzu a ce kin duba duk wannan kin samu marubuciyar ba ta da laifi. Wannan ba ya nufin zafin da kika ji kuskure ne, ba ya kuma wajabta miki ƙarasa littafin. A Amurka an daɗe ana wannan muhawara a kan littafin Mark Twain, Huckleberry Finn, wanda ya fito a can a 1885. Labarin wani yaro ne farar fata da wani bawa da ya gudu, kuma zuciyar littafin tana tare da bawan, amma kalmar nan ta wulaƙanta baƙar fata ta zo a cikinsa sau 219. Iyaye baƙaƙe sun sha neman a cire shi daga makarantu, har a 2011 aka buga wani bugu da aka sauya kalmar da wadda take nufin bawa, masana da dama kuma suka soki hakan da cewa shafe tarihi ne. A ganina masanan suna da gaskiya cewa goge kalmar ba ya goge abin da ya faru, shi ya sa ba na goyon bayan a tilasta wa marubutanmu su wanke bakin duk mutanen da ke cikin labaransu. Amma yaron da yake shi kaɗai ne baƙi a aji, ana karanta kalmar da ƙarfi 'yan ajin suna waigowa suna kallonsa, shi ma ba ƙarya yake yi ba idan ya ce littafin ya fita daga ransa. Halin da kike ciki ya fi kama da na wannan yaro, kuma ina zaton rabin zafinki ba daga Hajiya yake ba, daga waigen ƙawayenki yake.

Saboda haka ki raba matsalar gida biyu. Littafin ki ajiye shi kwana uku ko huɗu, kada ki tilasta wa kanki, domin karatun nishaɗi ba jarrabawa ba ce, kuma babu wanda zai bi ki bashin shafukan da kika bari. Idan an riga an kammala rubuta shi, ki nemi wadda ta kai ƙarshe ki yi mata tambaya ɗaya kawai, ko uban yarinyar ya tabbata ubanta, sannan ki yanke shawara. Idan kuwa ana kan rubuta shi ne, to kin yi sa'a, domin marubutan yanzu da suke sakin labari shafi-shafi suna jin masu karatunsu, wani lokaci ma sukan sauya akalar labari saboda abin da aka gaya musu. Ki rubuta mata cikin mutunci, ba da faɗa ba, ki gaya mata ke 'yar mahauci ce, kin ji Hajiya kuma kin san akwai irinta, abin da kike roƙo shi ne a bar uban yarinyar ya buɗe baki, kada kuma a sauya mata asali don a sasanta.

Ƙawarki kuwa ba ƙagaggiya ba ce, tana da kunne, don haka ita ce za ki yi wa magana. Kada ki yi a gaban sauran, ki same ta ita kaɗai ki ce mata, “Wance, maganar turaren nan da kike maimaitawa Babana take taɓawa, don Allah ki bar ta.” Mai yiwuwa ba ta taɓa haɗa Hajiyar littafi da gidanku a ranta ba, kunya za ta kama ta, magana ta wuce. Idan ta ce ai wasa ne, ki gaya mata wasan da ke ba ki da abin ramawa a cikinsa ba wasa ba ne a wurinki. Idan ta ci gaba bayan haka, kin san matsayin da za ki ajiye ta. Shi kuma maigida, ki tuna cewa ya riga ya ba Hajiya amsa tun ranar da ya aika manyansa gidanku neman aure, don haka kada ki riƙe shi da zafi. Ki samu lokacin da hankalinsa yake kwance ki ba shi labarin ranar da aka fara yi miki wannan gori, in akwai ta, domin sau da yawa mutum yana cewa labari ne kawai saboda bai san tabon da labarin ya fama ba.

Akwai kuma abin da zan faɗa a kaina kafin in faɗa a kanki, tunda an ce wanzami ba ya son jarfa. Na shekara da shekaru ina karanta littattafan da tauraruwarsu kullum fara ce sol, mai dogon hanci da gashi har gadon baya, baƙa kuwa ko muguwar kishiya ko 'yar aiki, ban taɓa jin komai ba, sai ranar da 'yar ƙanwata, yarinya baƙa mai shekara 14, ta ajiye littafi a cinyarta ta tambaye ni ko ba a taɓa rubuta labarin da aka so baƙar mace ba. Ban samu amsar da zan ba ta nan take ba. Ina zaton ke ma, kamar ni, kin sha wuce wuraren da aka kira wata juya, ko aka yi wa bazawara habaici, ko aka mayar da baƙauye da gurgu da wanda ba Bahaushe ba abin dariya, ba tare da karatunki ya tsaya ba, domin ba gidanku aka jefa ba. Idan kin koma karatu, za ki fara jin waɗannan wurare suna yi miki tsakuwa a shinkafa, wasu littattafan da kike so a da ma za su rage miki armashi, kuma ban san wata dabara da za ta mayar da ke yadda kike kafin wannan shafi ba.

Idan kin ƙarasa wannan, ko wata ta ba ki labarin ƙarshensa, ki sake rubuto mini, ina son in ji ko yarinyar ta tare a ɗakin mijinta tana 'yar mahauci, ko kuwa sai da aka sauya mata uba.